Yadda ake karɓar tsohon kare mai tsoro daga hannun mai riƙo

Duna sai da ya kwana 11 a gidana kafin ya yarda ya ci abinci ina tsaye a wurin. Tsohon kare ne, ya kai shekara tara ko goma, furfura ta riga ta zagaye masa baki. Mai shi ya rasu a Jos, iyalin suka tattara suka koma ƙauye, sai wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta riƙe shi a bayan gidanta har wata huɗu, tana neman wanda zai karɓe shi amana. Abin da zan faɗa a nan a kansa na koya, da kuma bakin dattijuwar nan da likitan dabbobin da yake duba shi.

Mu mun san riƙo a wajen yara: a ba ka ɗan wani ka riƙe kamar naka. To haka ake yi wa karnuka. A Ingila ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da gidan Battersea na Landan, wanda aka kafa tun 1860, suna da mutanen da ke karɓar kare su ajiye a gidajensu na ɗan lokaci kafin a samar masa mazauni, musamman tsofaffi da masu tsoro waɗanda hayaniyar keji ke ƙara firgita su. A wajenmu babu wannan tsari a rubuce, amma abin yana faruwa kullum. An yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, baƙo ya gama kwangila a Abuja zai koma ƙasarsu, mai gida ya rasu, ko likitan dabbobi ya yi jinyar kare mai shi bai dawo ba. A ƙarshe karen yana hannun wani mai tausayi da ba zai iya riƙe shi har abada ba.

Ka fara da kanka da mutanen gidanka

Idan karen gadi kake nema mai tarar ɓarawo gaba da gaba, wannan ba naka ba ne. Tsohon kare mai tsoro zai iya yin haushi ya sanar da kai akwai motsi a bakin ƙofa, Duna yana yi yanzu, amma ya yi wata biyu ban ji muryarsa ba. Kuma ka sani shekarun da suka rage masa kaɗan ne. Babban kare yana shiga tsufa tun yana shekara bakwai, ƙanana kuma suna ɗan jinkirtawa. Za ka kashe kuɗin magani fiye da yadda za ka kashe wa kwikwiyo, kuma kai ne za ka ga ƙarshensa.

Sai maganar addini, wadda a gidajenmu da yawa ita ce ta farko. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na tsaron gida. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai idan ya yi lallagi a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid mai Risala cewa ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta ajiye kare a gida sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Duk da haka ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka kuma zauna da uwargida da duk wanda ke kwana a gidan. Kare mai tsoro yana gane wanda ba ya son sa tun daga yadda yake taka ƙasa. Idan akwai mutum ɗaya a gida da zai riƙa yi masa tsawa ko ya ɗaga masa takalmi in ba ka nan, duk abin da ka gina da safe zai rushe kafin la'asar.

Ka zauna da mai riƙo, ka daɗe

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne ribar take. Mai riƙo ta ga karen nan da dare, ta gan shi ana tsawa, ta gan shi baƙo ya shigo. Wannan ilimi ba ka da inda za ka same shi sai a bakinta.

Ranar da na fara zuwa na ce, “Mama, me ya fi tsoro a duniya?” Ta ce, “Ɗana, tsintsiya. Kada ka yi shara yana kusa. Sai kuma namiji mai hula in ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse.” Da ba ta faɗa mini ba, da ranar farko zan ɓata komai, domin sharar tsakar gida ce aikin farko a gidana kowace safiya.

Ka tambaye ta abin da yake ci, da ƙarfe nawa, a wane kwano. Ina yake kwana, a kan me. Ya taɓa cizo ko kai hari, wa ya kai wa, me mutumin yake yi a lokacin. Yaya yake da yara, da kaji, da awaki, da kyanwa. Akwai inda ba ya son a taɓa a jikinsa? Ya taɓa tsallake katanga ko haƙa rami? Ya saba da igiya a wuya? Da wane harshe ake masa magana, kuma wace kalma ya sani? Duna da Turanci tsohon mai shi yake kiransa cin abinci, to da ita na ci gaba har ya saba da muryata. Tambayar cizo kuwa ka yi ta sau biyu, a ranaku daban-daban, cikin lalama, domin mai neman wa kare gida takan ji nauyin faɗin abin da zai kore ka. Ka nuna mata cewa gaskiya ba za ta sa ka fasa ba, shiri kawai za ta sa ka yi.

Ka je aƙalla sau uku kafin ka ɗauke shi. In ka je kada ka nufe shi. Ka samu kujera 'yar tsuguno ka zauna nesa kaɗan, ka ba shi gefenka, ka ci gaba da hira da mai riƙo kamar ba ka san yana wurin ba. Kallon ido cikin ido a wajen kare barazana ce, haka ma miƙa hannu ta saman kansa. Ka zo da 'yan gutsattsarin dafaffiyar hanta ko tsokar kaza, ka riƙa ajiye su a ƙasa a gefenka a hankali, ba tare da ɗaga hannu ba, domin karen da aka sha jifa ba ya bambanta jifan nama da jifan dutse. A ziyara ta ƙarshe ka bar wata tsohuwar rigarka da ka sa ba a wanke ba, a ajiye masa inda yake kwana.

Likita kafin komai

Ka nemi katin allurarsa. In babu, ka ɗauka ba a yi ba. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne: da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare. Allurar rigakafin da ake yi wa kare ba ta da tsada, a wajenmu ana maimaita ta duk shekara. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos.

Shawarata, a yi wannan duba tun yana hannun mai riƙo, ita ta riƙe shi, kai ka biya. Kada allura da ɗaurin baki su zama abin da zai fara tunawa da kai da su. Ka roƙi likita ya duba haƙora da dasashi, da kunnuwa, da idanu, da gaɓoɓi, ya kuma ɗauki jini saboda cututtukan da kaska ke sa wa. Dalilin wannan shi ne, sau da yawa abin da muke kira tsoro ko baƙin hali ciwo ne. Karen da ruɓaɓɓen haƙori ke damu zai kauce wa hannu. Wanda ya kurumce zai zabura in an taɓa shi ta baya. Wanda yanar ido ta rufe wa gani zai yi wa inuwa gurnani da magariba. Duna haƙora biyu aka cire masa, bayan mako guda sai ga shi yana tauna abinci da ɓangarorin bakinsa biyu, fuskarsa ma ta saki.

Gyaran gida

Ka zaɓa masa lungu guda mai inuwa da iska, nesa da hanyar shige da fice, nesa da janareta, nesa da inda ake girki. Ya zama yana da bango a bayansa da rufi a samansa, amma yana hango tsakar gida. Ka shimfiɗa tsohuwar katifa ko buhunan da aka ninka da bargo a kai, domin siminti yana cin gwiwar tsohon kare. Ruwa a kusa da shi dare da rana. Wannan wuri nasa ne. Doka ta farko da za ka kafa wa kowa a gidan: in yana ciki ba a bin sa, ba a jawo shi, ba a leƙa shi.

Sannan ka zagaya katanga kamar kai ne mai neman hanyar gudu. Rariyar da ruwa ke fita, ƙarƙashin get, tulin bulo ko itace da ke jingine da bango. Kare mai tsoro a makon farko abu ɗaya ne a ransa, komawa inda ya sani, kuma tsufa ba ya hana shi tsalle in ya firgita. Get ɗin gida shi ne babban haɗari: mai ruwa ya turo kura, almajiri ya leƙo, yaro ya fita sayen kati ya bar ƙofa a buɗe. Ka sa sakata ta ciki, ka kuma yi wa lungunsa ɗan shinge domin ƙofa ta zama biyu tsakaninsa da titi. Ka kwashe shinkafar ɓera, da fiya-fiya, da maganin feshin gona.

Ban yarda da ɗaure shi da gajeriyar sarƙa ba. Karen da ba shi da wurin ja da baya, haƙori ne kaɗai ya rage masa.

Ranar ɗauka

Ka zaɓi ranar da gida ya yi shiru kuma kana da kwana biyu ko uku ba fita. Ban da lokacin Sallah, ban da Kirsimeti da sabuwar shekara da yara ke ta fasa abin ƙara, ban da makon biki ko suna. Ka je da sassafe kafin rana ta yi zafi, kada a ba shi abinci mai yawa saboda amai. A mota za a ɗauke shi, gilashi a rufe, ba a babur ko adaidaita sahu ba. Ka sa masa ɗauri biyu, na wuya da wanda ke zagaya ƙirji, kowanne da igiyarsa, domin kare in ya tsorata yakan ja da baya ya zare kansa daga na wuya cikin ƙiftawar ido. A jikin na wuyan ka rataya lambar wayarka. In zai yiwu mai riƙo ta raka ku har gida, da kwanonsa, da shimfiɗarsa ba a wanke ba, da abincin da ya saba na mako guda. A shiga da mota ciki, a rufe get, sannan a buɗe ƙofar mota.

Ka zagaya da shi tsakar gida sau ɗaya da igiya, ka nuna masa inda zai yi fitsari, ka kai shi lungunsa, ka tafi.

Kwanakin farko

Tafiyar nan ka bar shi shi kaɗai ita ce mafi wuya, domin zuciya tana son ka zauna ka rarrashe shi. Kada ka yi. Masu aikin ceton karnuka a Amurka da Ingila suna da wani lissafi da suke faɗa wa sababbin masu karɓa: kwana uku na ruɗewa, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin ya ji nan ne gida. Ba ƙa'ida ba ce, tsoho mai tsoro yakan ninka wannan, amma tana sa mutum ya rage zumuɗi.

A kwanakin nan zai iya ƙin cin abinci, ya riƙe fitsari na tsawon yini, ya kwanta ya juya wa duniya baya, ko ya yi ta zagaye da dare. Ka ajiye abinci a lokacin da ya saba, ka bar wurin, ka dawo bayan minti 20 ka ɗauke kwanon. Duna da tsakar dare yake ci, sai na riƙa bar masa na dare har asuba. Idan ya wuce kwana biyu bai ci komai ba, ko yini guda bai sha ruwa ba, ko yana amai da zawo, ka kira likita, domin tsoho ba ya jure rashin ruwa.

Aikinka kawai shi ne ka zama abin da ake iya hasashe. Lokaci ɗaya na abinci, hanya ɗaya da kake bi ka wuce, murya ɗaya. Ni bayan sallar isha'i nakan ɗauki tabarma in zauna kamar taku biyar daga lungunsa, in kunna rediyo ƙasa-ƙasa, in yi rabin awa ban dube shi ba, in tashi. Kowane dare haka. A dare na shida ya fito ya sha ruwa ina zaune. A na tara ya shinshini gefen tabarmar ya koma. Ban motsa ba, ban kira sunansa ba, ko da yake zuciyata kamar ta fito don murna.

Kada a yi masa wanka a makon farko ko da yana wari. Kada a kira maƙwabta su zo gani. In ya yi fitsari inda bai dace ba, a wanke a yi shiru.

Ka koyi karanta jikinsa

Kare yana magana tun kafin ya yi gurnani, mu ne ba ma kula. Hamma ba tare da barci ba, lasar hanci, kawar da kai, kwantar da kunnuwa baya, cusa jela tsakanin ƙafafu, haki alhali babu zafi, kallon gefe har farin ido ya fito. Duk waɗannan cewa yake yi a ba shi wuri. Wadda ta fi su haɗari ita ce sandarewa: ya tsaya cak, baki a rufe, jiki a ɗaure. In ka ga haka ka janye hannunka a hankali ka ja da baya. Kuma kada kaɗa jela ta yaudare ka, kare yana kaɗa jela yana cikin fargaba.

Gurnani kuwa kada ka taɓa dukansa a kai. Gargaɗi ne, kuma alheri yake yi maka. Karen da aka hora ya daina gurnani bai daina jin tsoro ba, sallama kawai ya daina yi kafin ya ciji. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to haka karen da ya sha sanda yake da hannun mutum.

Ranar da ya matso da kansa, ka taɓa shi a ƙirji ko gefen wuya, ka ƙirga uku, ka ɗauke hannu. In ya matso ko ya tura maka kai, ka ƙara. In ya tsaya kawai ko ya kau da kai, ya isa na yau. Yara su ne za ka fi sa wa ido, domin tsayinsu daidai da fuskarsa yake, kuma gudu da ihu ne wasansu. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi, ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a rungumarsa. In ya kurumce, a buga ƙafa a ƙasa kafin a iso gare shi ya ji motsin.

Bayan mako biyu ko uku sai ka fara rage masa tsoron abubuwa ɗaya bayan ɗaya, daga nesa. Tsintsiya na fara ajiyewa a can ƙarshen tsakar gida, a kwance, in ba shi hanta yana kallonta. Da ya daina kula ta sai na jingina ta a tsaye. Daga baya aka riƙa shara a nesa yana ci. Ma'aunin shi ne cin abinci: in ya karɓa, nisan ya yi daidai, in ya ƙi, ka matso da yawa, ka koma baya. Wata biyu muka yi a kan tsintsiya kaɗai. Fita waje ma haka, sai ya saba da kai da igiya a cikin gida, sannan ku fita bayan asuba, minti goma, da ɗaurin nan biyu. Tsawar damina ba ta da magani sai mafaka: ka bar shi ya shige inda ya ji ya tsira, ka zauna kusa in yana so.

Jikin tsoho

Canjin abinci a hankali ake yi, cikin kwana 7 zuwa 10, kana ƙara sabon kana rage tsohon. Sau biyu a rana ya fi masa sauƙi a kan cika ciki sau ɗaya. Ragowar tuwo da miya ba abincin kare ba ne in da albasa da tafarnuwa a ciki, domin suna lalata masa jini. Haka cakulan, da inabi, da goro. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Kada ka bar shi ya yi ƙiba, nauyi ne ke ƙarasa gwiwoyin da suka riga suka gaji.

In ka ga yana ɗingishi ko yana shan wahalar tashi da sanyin hunturu, kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna ƙona masa ciki su lalata ƙoda, paracetamol ma sai da awon likita. Akwai nasu maganin. Kaska da ƙuma kuma a nemi maganinsu wajen likita, ban da fiya-fiya da baƙin man inji da wasu ke shafawa, karnuka da yawa sun mutu a haka. Ka riƙa ɗaga leɓensa kana duba dasashi: in ya yi fari fat, ga kasala, ga ƙin abinci, ka yi zargin zazzaɓin kaska ka garzaya. Da damina ka lura da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce da ke shiga fata daga ƙasar da fitsari ya jiƙa, don haka shimfiɗarsa ta kasance a bushe. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ne abokin gaba. Kare da haki yake fitar da zafi, tsoho kuma hakinsa ba ya isarsa. Inuwa, ruwan randa, jiƙaƙƙen buhu ya kwanta a kai, ba fita da rana.

In abu ya ɓaci

In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar ko da ciwon ƙarami ne, a tafi da katin allurarsa. Shi kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10 bisa shawarar likitan dabbobi, kada a kashe shi cikin fushi.

In ya kuɓuce, kada a bi shi da gudu, kada a tara samari da sanduna. Kora ƙara nisanta shi take yi. Ka fara kiran mai riƙo, domin muryarta ya fi yarda da ita, kuma sau da yawa hanyar gidanta ko tsohon gidansu yake nufa. Ka ajiye shimfiɗarsa da abinci inda aka gan shi na ƙarshe, ka koma da asuba da magariba. In kun haɗu ka zauna a ƙasa, ka ba shi gefenka, ka jira.

Tun ranar farko ku yi magana da mai riƙo cewa in zaman bai yiwu ba za ta karɓe shi kafin a nemi wani gida. Wani karen ba zai iya zama da yara ba, wani kuma sai gidan da akwai ɗan'uwansa kare, kuma mayar da shi ya fi a sake shi a titi ko a miƙa wa wanda ba a san abin da zai yi da shi ba. Mama ta ce mini, “In ya gagare ka, ƙofata a buɗe take, kada ka ji kunya.” Duk ranar Asabar ta farkon wata nakan kai mata shi a mota. Yakan kwanta a gindin kujerarta har mu gama hira, in na miƙe na ɗauki makulli sai ya tashi a hankali, ƙafar baya tana ɗan ja, ya bi ni zuwa get.